Mataccen Babur Ɗin Bayan Gida: Kada Ka Sayar wa 'Yan Gwangwan, Ku Tayar da Shi Kai da Ɗanka

Yau ba saitin waya za mu yi ba, kuma ba wata sabuwar manhaja muka kawo muku ba. Shawara ce nake son mu yi da kai, kai uba, da ke uwa, musamman mutanenmu na Yauri da Ngaski da Shanga da duk garuruwan da ke bakin tafkin Kainji. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, rubutun yana da ɗan tsawo.

Ka leƙa bayan gidanku, ko cikin zaure, ko gindin bishiyar ƙofar gida. Da wuya ka rasa wani tsohon babur da aka jingine shekara biyu ko uku, taya ta sace, kujera ta yage, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. In ba babur ba, to injin ban-ruwa ne da ya mutu tun noman albasar bara waccan, ko ƙaramin janareta. Kullum mai gwangwan yana zagayowa yana tayawa, kai kuma kana cewa sai ya ƙara.

Ra'ayina a taƙaice: kada ka sayar. Ka kira yaron nan naka da ke wuni yana dannar waya, ku kwance babur ɗin ku biyu, ku tayar da shi da hannunku. Wayar da kake kukan ta raba ka da ɗanka, ita ce za ta zama malamarku ku duka.

INDA TUNANIN YA SAMO ASALI

Idan kana kallon bidiyon gyaran motoci a YouTube, wataƙila ka taɓa cin karo da wata 'yar mota marar rufi, mai manyan tayoyin baya, tana hawa tudun rairayi kamar wasa. Turawa suna ce mata dune buggy, wato motar rairayi. Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Meyers Manx, wadda wani mutum mai suna Bruce Meyers ya ƙera a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1964. Abin da zai ba ka sha'awa, kai ɗan bakin ruwa, shi ne mutumin nan maƙerin jiragen ruwa ne. Faibar da ya saba yin jirgi da ita, da ita ya yi gangar motar. Inji da ƙafafu kuwa na Basuwaja ne, wato Beetle ɗin nan mai kama da kunkuru da iyayenmu suka hau, wadda aka riƙa harhaɗawa a Legas tun daga 1975.

Me ya sa ya zaɓi Basuwaja? Injinta a baya yake, nauyinsa yana danne tayoyin da ke tura motar, sai su kama rairayi da kyau. Iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto balle ruwa ya tafasa a daji. Sannan inji ne mai sauƙi, mutum da sifanoni kaɗan zai iya sauke shi. A 1967 irin wannan mota ta lashe karon farko na wani dogon tseren hamada da aka yi a ƙasar Meziko. An riƙa sayar da gangar, mutum ya nemo tsohuwar Basuwaja, ya rage tsawon ƙasanta, ya ɗora a gida. Har yau akwai iyaye a can da ke sayo ruɓaɓɓiyar motar rairayi su shekara suna tayar da ita tare da 'ya'yansu.

To mu a nan, ina za ka samu Basuwaja yanzu? Ta zama tarihi. Amma ka tsaya ka duba halayen da suka sa aka zaɓe ta: inji mai sauƙi, iska ke sanyaya shi, kayan gyara a ko'ina, yana shiga inda babbar mota ba ta shiga. Wane abin hawa ne wannan a wurinmu? Babur ne. Bajaj Boxer ɗin nan, ko Jincheng, ko Haojue, shi ne motar rairayinmu. Shi ke ɗauko buhun albasa daga fadama, shi ke kai kwandon kifi bakin titi, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare daga ƙauyen da babu kwalta. Wanda ya taɓa bin hanyoyin ƙauyukan Shanga ko na wajen Libata da damina ya san abin da nake faɗa.

WANNAN BA AL'ADAR TURAWA BA CE

Wani zai ce ai wannan abin masu kuɗi ne, uba da ɗa a gareji suna wasa da ƙarfe. Ni kuwa na ce mun riga su. Wa ya koya wa ɗan Basarke jefa birgi da ɗinkin koma? Wa ya koya wa ɗan Bagunge riƙe filafili da karanta ruwa, ya san inda dutse yake da inda zurfi yake? Ubansa ne, a cikin jirgi ɗaya, ba tare da allo ko alli ba. Idan ka je kallon Rigata a Yauri ka ga samari suna tuƙa jirgi baki ɗaya kamar hannun mutum guda, ba a makaranta suka koya ba.

Abin da ya canza shi ne kayan aikin. An gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968, ruwa ya taso har kusa da Yelwa, ya shanye tsibirai da gonaki, aka sake wa dubban mutane matsuguni. Daga baya injin jirgi ya karɓe aikin filafili a doguwar tafiya, babur ya karɓe na jaki, injin ban-ruwa ya karɓe na jigo. Rayuwarmu ta koma kan inji, amma koyarwar gida ba ta biyo ta ba. Kakanka ya san jirginsa ciki da waje, domin ya ga lokacin da aka yi shi. Kai kuwa babur ɗin da kake ci da iyali a kansa, in ya yi tari ya mutu a hanya, sai turi. Wannan giɓin ne nake son mu cike, kuma ɗanka ne hanyar cike shi.

“AI NI MA BAN IYA BA”

Wannan ce hujjar farko da za ka kawo, kuma ita ce na fi so. Rashin iyawarka ba cikas ba ne, riba ce. Yaron da ya ga ubansa ya ce “ban sani ba, zo mu duba”, ya koyi darasin da ya fi gyaran babur. Matambayi ba ya ɓata.

Ga yadda za ku mayar da waya kayan aiki:

1. Hoto kafin a kwance komai. Wannan ita ce doka ta farko. Kafin a cire ƙusa ko a zare waya, a ɗauki hoto daga gefe biyu. Ku buɗe kundi na musamman a cikin ma'ajiyar hotuna, ku sa masa suna “Babur”. Ranar mayarwa, sai ku bi hotunan daga na ƙarshe zuwa na farko. Wannan aikin yaron ne, ya fi ka iya shi.

2. Nemo bidiyo da sunan babur ɗinku daidai. Ku rubuta, misali, “Bajaj Boxer carburetor cleaning” ko “Bajaj Boxer engine rebuild”. A Indiya ake ƙera Bajaj, shi ya sa za ku ga yawancin bidiyon da Indiyanci ne. Kada wannan ya dame ku, hannun mutumin za ku kalla, ba bakinsa ba. Ku taɓa alamar saiti a saman bidiyon, ku rage gudunsa zuwa 0.5, ku ga komai dalla-dalla.

3. Sauke bidiyo tun kuna inda sabis ke da ƙarfi. Idan kun shigo Yelwa ko Wara ranar kasuwa, ku danna alamar saukewa a ƙarƙashin bidiyon, ku zaɓi ƙaramin inganci kamar 360p don kada data ta ƙone. A gida sai ku kalla sau goma ba tare da kashe ko sisi ba. Ba kowane bidiyo ke yarda a sauke shi ba, in wannan ya ƙi ku nemi wani.

4. Google Lens don karanta rubutun jikin kaya. Ku haska lambar da ke jikin filogi ko kwalin ringi, zai nuna muku ko mene ne. Yana kuma fassara Turanci zuwa Hausa, ko da yake fassarar takan yi ɗingishi, a haɗa da hankali.

5. WhatsApp don sayen kaya. Kafin ku ƙona mai zuwa shago, ku tura wa mai kayan gyara hoton abin da ya lalace, da lambarsa. Ranar zuwa kuma ku tafi da tsohon a aljihu, a gwada su gefe da gefe.

Amma fa waya ba ta maye gurbin bakanike. Ku samu wani bakaniken unguwa mai mutunci, ku gaya masa gaskiya: “Malam, ni da yaron nan muke son mu tayar da wannan, in mun maƙale za mu zo.” Ku riƙa ba shi ɗan na goro. Da yawansu daɗi za su ji, domin ba kasafai ake zuwa wurinsu neman ilimi ba.

ABU UKU DA INJI KE BUƘATA

Kada girman aikin ya tsorata ku. Injin fetur, ko na babur ne, ko na janareta, ko na jirgi, abu uku yake nema kafin ya tashi: mai da iska, wuta, da matsi. Duk mataccen inji ɗaya daga cikin ukun nan ya rasa. Ka rubuta su da gawayi a bangon da kuke aiki, yaro ya haddace.

Wuta. Ku cire filogi, ku mayar da shi cikin hularsa, ku jingina ƙarfensa a jikin inji, nesa da ramin da ya fito. Ɗaya ya buga kik, ɗaya ya kalla. In kun ga tartsatsi shuɗi yana tsalle a bakinsa, wuta lafiya. Kada a riƙe ƙarfen da hannu, zai girgiza mutum. Filogin kansa yana ba da labari: in bakinsa ruwan ƙasa ne, inji na ƙona mai daidai. In baƙi ne ƙirin da busasshen toka, mai ya yi yawa ko matatar iska ta toshe. In fari ne fat, mai ya yi kaɗan, inji na zafi. In ya jiƙe da baƙin mai, to ringi ko bawul sun gaji.

Mai da iska. Babur ɗin da ya daɗe a ajiye, kusan kullum kafireta ce matsalarsa. Tsohon fetur yana bushewa ya bar wani danƙo da ke toshe ƙananan ramuka. Ku juye abin da ke cikin tanki, ku duba tsatsa. Ku sauke kafireta, ku kwance kofin ƙasanta, za ku ga wasu ƙananan ƙusoshin tagulla masu rami a tsakiya, waɗanda kanikawa ke kira jet. A wanke, a busa musu iska har haske ya riƙa ratsawa. Kada a zura allura ko ƙarfe, domin ramin zai ƙara faɗi, babur ya koma shan mai kamar raƙumi a bakin rijiya. Matatar iska kuma a wanke ko a canza. A ƙasarmu mai ƙurar hunturu, ita ce hancin inji.

Matsi. Ku cire filogi, ku toshe ramin da babban yatsa, a buga kik a hankali. In iska ta ture yatsan da ƙarfi, akwai rai a ciki. In kik yana tafiya sakwaf, to sai an buɗe kan inji an duba fistin da ringi da bawul. Nan ne za ku gayyato bakanike ya zauna tare da ku, ba ya karɓe aikin ba. In silinda ta ci, kai ta za a yi wurin masu gyaranta, ba aikin gida ba ne.

Hayaƙin salansa ma yana magana: shuɗi yana nufin inji na ƙona baƙin mai, baƙi yana nufin fetur ya yi yawa.

Ku tsara aikin mako-mako, kada ku ce sai an gama a kwana biyu. Makon farko wanki da hotuna kawai. Na biyu wuta da wayoyi. Na uku tanki da kafireta. Na huɗu birki da kaca da tayoyi. Awa biyu ranar Asabar ko bayan la'asar ta isa. Ku tanadi gwangwanayen madara ko tiren ƙwai, kowane sashe da nasa ƙusoshin, yaro ya rubuta suna a jiki.

IDAN NA HANYAR DAJI KUKE SO

Tunda hanyar gona da bakin ruwa zai riƙa bi, ga abin da ya cancanci kuɗinku: tayoyi masu manyan haƙora, shokozoba mai rai, da birki sabo. In ana yawan ɗaukar kaya ko hawa gangare, za a iya sa faifan kaca na baya mai haƙora da suka ɗan fi na asali yawa. Babur zai ƙara ƙarfin ja, gudunsa ya ragu, kuma wannan ragin alheri ne. Kaca kada ta ɗaure tamau, a bar mata ɗan wasa kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. A cikin rairayi mai zurfi, rage iskar taya kaɗan yana sa ta shimfiɗu ta daina nutsewa, amma a mayar da iskar in an hau kwalta. Idan an sa sabon fistin da ringi, a lallaɓa injin, babu gudu babu lodi, a juye baƙin mai bayan kamar kilomita 500 na farko.

Abin da ban yarda da shi ba: yanke ƙashin babur a yi masa walda don ya yi kama da na bidiyo, ko fasa salansa don ƙara. Wannan ba fasaha ba ce, neman asibiti ne da damun maƙwabta.

“AI KAI WA BAKANIKE YA FI SAUƘI”

Gaskiya ne, ba zan yi maka musu ba. Zai gama a kwana uku abin da za ku yi wata biyu kuna yi. Za ku ɓata wani abu, za ku sayi wani abu sau biyu. In babur ɗin da kake fita neman abinci da shi ne gobe da safe, kai wa bakanike, kada ka yi gwaji da tukunyar gida. Shi ya sa na ce matacce, wanda dama an fid da rai da shi.

Amma ka yi lissafin da kyau. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 har ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Gidan da ke da yaron da ya iya wanke kafireta, ya san matatar iska ta toshe, ya san taya marar iska tana ƙara shan mai, wannan gidan yana tsimin kuɗi kowane mako. Manomin da injin ban-ruwansa ya mutu a tsakiyar rani, albasa na neman ruwa, bakanike na nisan tafiyar awa biyu, shi zai gaya maka darajar yaron da ya iya duba filogi.

Kuma ba babur kaɗai kake saya da wannan lokacin ba. Yaushe rabon da ka zauna awa biyu da ɗanka ɗan shekara 14, ba faɗa kake masa ba, ba aike ba? A al'adarmu akwai kunya tsakanin uba da ɗa, musamman ɗan fari, ba a zama a yi ta hira ido cikin ido. To aiki yana warware wannan. Idonku na kan inji, hannu na aiki, sai ka ji yaro ya fara ba ka labarin abokansa da abin da ke damunsa a makaranta, ba tare da ka tambaya ba. Abin da ba zai faɗa maka a kan tabarma ba, zai faɗa yana miƙo maka sifana mai lamba 10.

KUSKUREN DA NA YI, KADA KA MAIMAITA

Da muka fara da nawa yaron, shi ke ɗaure ƙusoshin murfin inji, yana yi a hankali. Na ƙosa, na ce “kawo nan”, na fizge sifanar, na murɗa da ƙarfin manya. Ƙusa ta karye a ciki. Ya dube ni, bai ce komai ba, ya tashi ya shige gida. Kwana biyu bai zo wurin babur ba. Sai da na same shi na ce, “Ni na ɓata, kai ka fi ni gaskiya, zo mu ga yadda ake ciro karyayyar ƙusa.” Shi ya nemo bidiyon.

Don haka ga doka ta biyu bayan ta hoto: sifana a hannun yaro take, kai naka riƙe fitila da haƙuri. In ya yi kuskuren da ba zai ji ciwo ba, bar shi ya yi, ya gano da kansa. In ka mayar da shi ɗan “miƙo wancan, riƙe wannan”, kana zaginsa in ya kawo 12 maimakon 10, to ba aikin uba da ɗa kuke ba, yaron shago ka samu kyauta. Zai gudu ya koma wayarsa, kuma da gaskiyarsa.

“KARATU NAKE SO YA YI, BA KANIKANCI BA”

Wa ya ce maka kishiyoyi ne? Matsi da zafi da lantarki da ake koya masa a aji yana hamma, su ne a cikin injin nan. Lissafin haƙoran faifan gaba da na baya shi ne darasin rabo da aka yi masa a firamare. Turancin da yake gudu, zai karanta shi da kansa don yana son ya san abin da littafin babur ya ce.

Ka tuna da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato. A kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, nan jiharmu, ya karanta zanen gine-gine kafin ya tafi Amurka ya koyi zanen motoci. Ya yi aiki da kamfanin General Motors, shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, kuma a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Nijeriya. Ba ina ce maka kowane yaro zai zama Jelani ba. Ina ce maka ne sha'awar mota da karatun boko suna iya tafiya a hanya ɗaya. In ma yaron ya ƙare a kanikanci, sana'a ce ta halal da ba ta jiran takardar ɗaukar aiki.

Kuma ban ce ɗa namiji kaɗai ba. In 'yarka ce mai son sanin yadda abubuwa ke aiki, ita ce mai kwance rediyo tun tana ƙarama, ka ba ta sifanar. A cikin gida ake aikin, a gabanka. Ke kuma uwa, in maigida ba ya nan ko ya rasu, keken ɗinki, injin markaɗe ko janareta duk wannan darasin ne. Ko ki haɗa yaron da kawunsa ko baffansa mai haƙuri.

INDA BA A WASA

Akwai abubuwan da ba a barin yaro ya koya ta hanyar kuskure:

Fetur ba ya haɗuwa da murhu, sigari ko fitilar kwai. A yi aiki a fili, nesa da madafi, da bokitin yashi a kusa. Kada a taɓa yi wa tanki walda a gida, ko da babu mai a ciki, tururin da ya rage ya isa ya fasa shi. Kada a tayar da inji a cikin ɗaki ko rufaffen zaure, hayaƙinsa yana kisa ba tare da wari mai faɗakarwa ba, kamar yadda muke jin labarin janareta yana hallaka iyali guda. In za a cire batir, a fara cire wayar da ke da alamar ragi. Kada yatsa ya kusanci kaca alhali inji na aiki.

Takardu. In sayen mataccen babur za ku yi, araha kada ta ruɗe ku. Ku karɓi rasit, ku gwada lambar inji da ta ƙashi da abin da ke rubuce, a yi ciniki gaban shaidu. Ku ɗauki hoton lambobin da takardun ku ajiye a waya. Kowa ya san halin tsaro da yankinmu ya shiga, kuma kowa ya san yadda ake kallon babur marar takarda a shingen jami'an tsaro. Kada aikin alheri ya jawo muku tsayuwa a ofishin 'yan sanda.

Hawa. Yaro ya tayar da babur ba yana nufin ya isa hawa titi ba. Lasisi sai shekara 18. Ku yi wannan yarjejeniyar tun ranar farko, kafin a kwance ƙusa ɗaya: gwaji a fili, kana tsaye, da hular kwano a kansa, makulli kuma a aljihunka yake kwana. Wasu za su ce koya wa yaro babur buɗe masa ƙofar ganganci ne. Ni abin da na gani akasin haka ne. Wanda ya sa takalmin birki da hannunsa, ya ga ɗan siririn abin da ke tsakaninsa da kabari, ya fi wanda aka miƙa wa makulli kawai tsoron gudu.

Wannan ya kai ni ga maganar da ta fi min nauyi. Ba mu manta da 26 ga Mayu, 2021 ba, ranar da jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a kusa da Wara, rayuka masu yawa suka salwanta. Allah Ya jiƙansu. Abin da aka yi ta faɗa a lokacin shi ne lodi ya fi ƙarfin jirgin. Mun yarda da ƙaddara, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi. Yaran da ke tsakar gidajenmu yau su ne matuƙa jirage da babura na shekara goma masu zuwa. Yaron da ya taɓa ganin ƙusa ta karye saboda an matsa mata fiye da ƙima, ya san a jikinsa cewa kowane ƙarfe da kowane katako yana da iyaka. Wannan sanin ba a sanya shi da wa'azi a bakin tasha. A gida ake dasa shi, icce tun yana ɗanye.

KA FARA DA WANKI

Ba na ce ka je ka ciwo bashi ba. Ranar Asabar mai zuwa, ka jawo babur ɗin zuwa inuwa. Bokitin ruwa, omo, tsohon buroshi, tsumma. Ka kira yaron ka ce, “Zo da wayar nan, aiki za ta yi yau.” Ku wanke shi, ku ɗauki hotuna, ku rubuta abin da ya ɓace da abin da ya karye a bayan tsohon littafin makaranta. Shi ke nan aikin ranar. Sauran a hankali, filogi wannan makon, gasket wancan, yadda aljihu ya ba da dama.

Wataƙila ya tashi bayan wata biyu. Wataƙila ku buɗe ku tarar injin ya wuce gyara, ku sayar wa mai gwangwan ɗin daga ƙarshe. Ko a haka ba ku faɗi ba, domin yaron ya ga cikin inji, kai kuma ka ga cikin yaron. In kuwa Allah Ya sa ya tashi, ka bar shi shi ya buga kik ɗin farko. Kai ka riƙe waya ka ɗauki bidiyo, ka kuma kalli fuskarsa da kyau.

Wanda ya fara, ya ajiye mana hoton babur ɗinsa a sashen sharhi, da sunan garinsu da inda ya maƙale. Akwai kanikawa da yawa a cikin mabiyanmu, za su taimaka. Kanikawan kuma, in kun ga inda na kauce a bayanin nan, ku gyara min, ni ma ɗalibi ne. Ku tura wa wani uban da kuka san yana da matacce a bayan gida.

Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya tsare mu a tudu da ruwa.